Ƙafar Zabuwa da Ɗigo Biyu

Cikin duk ranakun da na yi a atiliye, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da anka ba ni tsofaffin kayan aiki anka ce in shirya su don wuta. Ku kashe injin nan tukuna, ba na iya magana yana ihu a kunnena. Ku zauna. Kullum kuna tambayata mi ya sa duk abin da anka kawo gyara sai na kife shi na duba gindinsa kafin in taɓa shi, har na ji wani cikinku yana cewa tsufa ne. To, yau za ku ji.

Zamanin Faransi ne, 'yan shekaru bayan an soke aikin dole. Ina aiki a atiliyen gwamnati nan Dogon Dutsi, inda ake yin ƙofofi da tagogi da teburan lakwal, wato makarantar boko. Aikin hawa-hawa ne. Akwai lebura mai ɗauko katako, akwai apiranti mai koyo, akwai uburiye wanda hannunsa ya faɗa, sannan bisa kowa akwai shef, wani Nasara mai jan wuya wanda bai yarda da komai ba sai abin da takarda ta ce. Ni ban daɗe da zama uburiye ba. Na yi lakwal, ina jin Faransanci, ga fensir a bayan kunne. Kai, da kun gan ni a lokacin da ba ku so ni ba. Masassaƙan ƙauye masu turmi da akushi ko gaisuwar kirki ba na yi musu, wai ni kafinta.

Cikin kayan atiliye akwai wani tsohon rabo. Ku da kunka tashi da inji, rabo shi ne guntun itacen nan mai ƙarfe a tsakiya, wanda ake turawa bisa katako yana fere shi har ya yi sulɓi. Wanga ya yi baƙi ƙirin don mai da zufa. A gindinsa an buga wani ɗan gwangwani mai lambar gwamnati, a jikin ƙarfensa kuma akwai hatimin masu ƙera shi a Faransa. Babu rabon da ya kai shi cin katako. In ka tura shi, ɓawon yakan fito siriri yana naɗewa, tun daga wancan kai har wanga kai bai tsinke ba. Aibinsa guda ne, ba ya zama a hannu. Yana da gurbin yatsu a gefe, amma ba nan yatsunka ke faɗawa ba, in ka yini da shi sai tafinka ya yi bororo. Mukan ce hannun Nasara ne daban da namu. Ni da bakina na sha ce wa apirantai su dubi aikin Faransa, baƙin mutum bai iya wannan ba. Allah ya yafe mini.

Akwai kuma wata mata, Inna Tabawa, mutuniyar Matankari. Kowace ranar kasuwa takan biyo masu jakai ta kawo daddawa. In ta sayar, sai ta zo bakin ƙofar atiliye, ta sauke 'yar kujerarta ta tsugunno daga ka, ta zauna tana jiran ko wani tsohon ma'aikaci zai fito. Tambayarta ɗaya ce. An ɗauki mijinta aikin hanya tun tana da ƙaramin ciki, wajen shekara ashirin ke nan. Waɗanda anka ɗauka tare da shi sun dawo, sun ce an ware shi an yi kudu da shi. Daga baya wani ya ce ya hango shi a kasuwar Kamba, cikin ƙasar Ingilishi. A wancan zamani mutane da yawa sun ƙetara can don gudun aikin dole, saboda haka maganar ta zauna daram: ya tsere, ya yi wani aure, ya manta da ita. Ɗiyar da ta haifa ta tashi ana ce mata ɗiyar wanda ya gudu. Tabawa ta ƙi yarda. Ta ƙi yin wani aure, ba ta kuma yi takaba ba, tunda ba wanda ya kawo mata labarin mutuwa. Abin da take so ta sani ke nan, gudu ya yi ko mutuwa.

To amma ta ina za a taimake ta? Mutuniyar da ce, ba ta faɗin sunan miji. In ka ce, "Inna, mi ne ne sunansa?" sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mai gidanmu dai. Masassaƙi ne, dogo." Mu kuwa babu wanda ya taɓa ɗaga ƙafa ya je Matankari ya tambaya. Mun saba ganinta, shi ke nan. Wata rana kujerar ta tsage, ta roƙe ni in gyara mata. Na kife ta, na buga ƙusa biyu ina tsaki. Na ga wani zane da anka ƙona da ƙarfe mai zafi a ƙarƙashinta, ban ko tsaya dubawa ba. Na miƙa mata na ce, "Inna, nan fa wurin aiki ne, ba wurin cigiya ba." Ta ce, "Na gode, ɗana." Har yau in na tuna maganar nan kunya ke rufe ni.

Ana nan sai kamyo, babbar motar kaya, ya kawo sababbin kayan aiki daga Yamai, har da rabo na ƙarfe zalla, sai sheƙi suke. Doka ta ce in sabo ya zo, tsoho a yi mishi reforma, wato a kashe shi a takarda. Ga yadda ake yi. A cire lambar kowane kaya a kai wa magatakarda. A ware ƙarfe a mayar da shi Dosso. Itace kuwa a tara shi a ƙona gaban shef da gardi, wato dogarin gwamnati, don kada wani ya yi gida da shi. Shef ya ce jibi da safe za a ƙona, ni ne zan shirya kayan.

Na zauna a inuwa ina ɓamɓare lambobi da awartaki. Da na zo kan tsohon rabo na ɗan yi jim, don duk da bororon ina sonsa. Na zare ƙusoshi huɗu, gwangwanin ya faɗi. Inda ya rufe, mai bai taɓa shiga ba, itacen na nan yadda yake ranar da anka sassaƙe shi. Ja ne. Na kankare da farce na sansana. Wallahi ƙirya ce, ƙiryar nan tamu da ake turmi da ita, wadda maƙera ke gawayi da ita. Yo yaushe ƙirya ta tsiro a Faransa? A tsakiya kuma ga zanen wuta: layi uku sun haɗu kamar sawun zabuwa, da ɗigo biyu a gefe.

Na yi ta juya shi. Ban san mi ya sa ba, sai na mayar da shi hannun hagu. Yatsuna sunka faɗa cikin gurbin nan ɗaya bayan ɗaya, cif. Ashe duk shekarun da muke zagin hannun Nasara, bahago ne ya yi abinsa daidai hannunsa. Na sake duban zanen, na san na taɓa ganinsa. Sai kujerar tsohuwa ta faɗo mini a rai.

Na shiga buron shef, wato ofishinsa, na ce da Faransanci, "Mushe, wanga rabo ba a Faransa anka yi shi ba. Nan anka yi shi."

Ya jawo rajista ya bi layi da yatsa. Ya ce, "Takarda ta ce na Faransa ne. Ga hatimi a ƙarfe."

Na ce ƙarfen na can ne, itacen na nan ne. Ya karɓa, ya duba jan wurin, ya tambaye ni wa ya yi shi. Na ce ban sani ba tukuna.

Ya ce, "Arzika, abin da ba shi da mai shi na gwamnati ne, kayan gwamnati da anka kashe kuwa wuta ke cin su. Kawo mini sunan wanda ya yi shi da shaida kafin jibi. In babu, ya bi 'yan'uwansa." Ya ba ni izinin rabin yini, ya ce in rabon ya ɓata a hannuna in san inda zan nemi aiki.

Mutum ɗaya ne zai iya sani, Baba Tankari, tsohon magazinye, wato mai tsaron ɗakin kaya. Ya yi aikin Nasara tun ba a gina atiliyenmu ba, da ya bar aiki ya koma Kiyeshe, idanunsa kuma sun tafi. Na ari keke na kama hanya. Don rairayi, rabin tafiyar ni ke turin keken. Na tarar da shi ƙarƙashin rumfa yana tufka igiya. Bayan mun gaisa, na ɗora mishi rabon a cinya. Ya shafa, ya shafa, ya mayar da shi hagu, sai ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Af! Bahago! Ina ka samo mini Bahago?"

Na ce, "Baba, wane ne Bahago?"

Ya ba ni labari. Can kudu, cikin dallol, babban kwarin nan, wajen Gaya, akwai sansanin da ake saran giginya ana fasa azara don gadoji da rufin gidajen gwamnati, shi ne magazinye a wurin. Wata rana rabon Nasaran da ke kula da aikin ya faɗo daga kamyo ya tsage biyu, sai ƙarfen ya rage. Wani Ba'are, mutumin ƙasar Arewan nan tamu, cikin masu aikin dole ya tsinci ɓarin ya duba, mutumin da bai taɓa riƙe irinsa ba. Ya nemo ƙirya. Kwana huɗu da gizago da 'yar wuƙa, ya kawo wanga. Nasara ya gwada ya ga ya fi na da.

Tsoho ya ce, "Shi ne ya cuce shi, Arzika. Da wa'adi ya cika anka sallami kowa, shi anka riƙe shi, wai hannunai na da kyau."

Na tambayi sunansa.

"A sansani ba a suna, sai lamba, sai laƙabi. Ba'are ne dai, ga tsagenai nan har kunne, amma garinsu ban riƙe ba."

Na ce, "Baba, an ce ƙetarawa ya yi Ingilishi."

Ya ajiye igiyar. "Wa ya ce? Wanda ya faɗi haka ya ɗauki alhakin mamaci. Iyaka ga ta nan kusa, kullum ana tserewa, an ce mishi ya zo a tahi ya ƙi. Ya ce in ya gudu gida za a je a kama wani nashi, ga shi ya baro mace da ciki. Sanƙarau ne ya kashe shi, bazara ta biyu. Ni na kama ƙafafunai munka sa shi a rami, gindin wata tsamiya. Rabon kuwa anka ce in shigar da shi magaza. Gwangwanin nan ni na buga shi da hannuna, ina ganin zanen na rufe shi. An ce in buga, na buga."

Ya lalubo gindin rabon da ɗan yatsa har ya sami ɗigon. Ya ce, "Da ya gama shi ɗigo ɗaya ya yi. Yana ta ƙidayar wata. Ran nan ya zo magaza ya roƙe ni ƙusa, ya sa ta wuta, ya ƙara na biyu. Ya fiddo goro guda ya ɓara mana, ya ce ku yi mini barka, in Allah ya yarda yanzu an sauka lafiya. Bai san ko mace ko namiji ba."

Na dawo Dutsi kafin magariba, ina turin keke ina share ido da hannun riga. Ban ɓoye muku ba, kuka na yi.

Kashegari kasuwa. Tun hantsi nake leƙen ƙofa, katakon da anka ba ni sau biyu ina ɓata awonsa. Sai bayan azahar ta iso, ta sauke kujera ta zauna. Na fita na durƙusa na gaishe ta, abin da ban taɓa yi ba. Ta dube ni ta ce, "Lafiya, ɗana?"

Na ce, "Inna, ara mini kujerar in gani."

Na kife ta. Ga sawun zabuwa nan, da ɗigo ɗaya, kusa da munanan ƙusoshina biyu. Saran gizagon da ke cikin kwarminta duk ya karkata baibai. Na ce, "Inna, mai gidanki da wane hannu yake sassaƙa?"

Ta sunkuyar da kai. Kun san a wajenmu hagu abin kunya ne, har dukan yaro ake yi don ya bari. Shekara ashirin tana cigiya ba ta taɓa faɗin wannan ba, don kada ta tona wa miji asiri gaban baƙi. Can ta ce a hankali, "Da hagu. Amma da dama yake ci."

Na fiddo rabon daga cikin riga na juya mata gindinsa. Tun ban kai shi kusa ba ta gane. Ta ce, "Ƙafar zabuwa ta gidansu ce, tun kakanni. Ɗigon nan ni ce. Ranar da anka kawo ni ɗakinai ya sa shi a kujera." Ta ɗora yatsa bisa na biyun. "Wanga hwa?"

Na faɗa mata maganar ƙusa da goro, yadda Baba Tankari ya faɗa mini, ban rage ba ban ƙara ba. Yaro kamata bai kamata ya kai wa babba labarin mutuwa ba, ina ta kewaye-kewaye. Ita ce ta sauƙaƙa mini.

Ta ce, "Ya mutu ko?"

"Ya mutu, Inna."

"Can wurin aikin?"

"Can wurin aikin. Sanƙarau ne. An yi mishi sutura."

"Bai ƙetara ba?"

"An ce ya zo a tafi, ya ƙi. Don ke ya ƙi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sau uku ta faɗa. Sannan ta rungume rabon nan mai baƙin mai a ƙirjinta, ta yi kukan da ban taɓa jin irinsa ba, marar ƙara, sai jiki ke rawa. Leburori sunka tsaya da katako a ka.

Saura shef. Da ta natsu na roƙe ta ta biyo ni, ni da kujera ita da rabo. Ba ta taɓa shiga buro ba, ta tuɓe takalmi tun daga nesa. Na ɗora kujera a kife bisa tebur, na jera rabon kusa da ita, na fassara mishi duk abin da na ji a Kiyeshe. Ya sa tabarau ya dubi zanen nan, ya dubi wancan. Ya riƙe rabon da dama, ya mayar hagu, na ga girarsa ta ɗaga. Ya ce shaida ta yi. Ya buɗe rajista, ya tsoma alƙalami, ya ce, "Sunansa?"

Nan na tsaya. Na ce mishi a al'adarmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ya ba ni lokaci in ruga kasuwa in samo wani mutumin Matankari cikin masu jakai. Tabawa ba ta jin Faransanci, amma ta gane abin da ake nema. Ta kama mini hannun riga.

Ta ce, "Bari, ɗana. Shekara ashirin wasu ke faɗin sunanai da mugun baki. Yau ni za ni faɗa."

Ta ja bakin zanenta ta rufe fuska, kamar amarya. Daga cikin zanen munka ji ta ce, "Gado."

Shef ya ja layi bisa inda anka rubuta Faransa, ya rubuta Gado, Matankari. Sannan ya ɗauki 'yar guduma ya ƙwanƙwasa gindin rabon da kansa, ya zare ƙarfen ya jefa cikin akwatin da za a kai Dosso. Ya ce, "Ƙarfe na gwamnati ne. Itace na tsohuwa ne." Da hannu biyu ya miƙa mata. Mutumin takarda ne, na faɗa muku, amma ranar takardar ta yi abin kirki.

Ta ɗaure rabon cikin gyalenta, ta ɗora kujera a ka, ta bi masu jakai. Kashegari munka ƙona sauran kayan yadda doka ta ce. Ina tsaye ina kallon wutar, ina tunanin ko nawa ne cikinsu ke da zane a ƙarƙashin baƙin mai, ba mu duba ba.

Na ji labari da ta koma Matankari ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, da furfurarta. Da fari mutane sun yi dariya, wai takaba bayan shekara ashirin. Daga baya sai ga su ɗaya-ɗaya suna zuwa ta'aziyya, har da wanda ya ce ya hango shi a Kamba. Ɗiyar tana aure a Dumega, ta zo, uwar ta nuna mata ɗigo na biyu ta ce ke ce nan. Ba ta sake zama a bakin ƙofar atiliye ba. Amma har ta rasu, duk ranar kasuwa sai mai jaki ya tsaya ya miƙo mini ƙullin daddawa, ya ce in ji Inna.

Abin da ranar ta koya mini ke nan a sana'ar nan tamu. Mu duka mun dubi hatimin ƙarfe mun yanke hukunci, babu wanda ya tambayi itacen. Ni da na yi lakwal, mutumin da nake raina irinsa ne ya yi kayan aikin da ya fi kowane kyau a atiliyenmu, da gizago, cikin kwana huɗu. Tun daga nan na koyi durƙusa wa masassaƙa. Kuma duk abin da hannu ya yi, akwai wanda ya yi shi, shi ma akwai mai jiransa a gida. Amsar da Inna Tabawa ke nema tana hannuna kullum, ina turawa bisa katako, ita kuwa tana zaune taku ashirin daga teburina. Ƙusa huɗu ne tsakaninsu.

To, kun ji dalili. Kafin ku tada injin, kai, miƙo mini kujerar nan da anka kawo da safe. Kife ta tukuna.